Kujerun Silima a Falon Tela

Abin da matarsa ta roƙe shi bai taka kara ya karya ba. Cewa ta yi ya goge kujerun robar nan guda huɗu da ke falo, ya kuma canza ƙwan fitilar da ya mutu. Ranar Asabar shugabar wata sabuwar makaranta za ta zo da mutum biyu su duba ɗinkinta da wurin aikinta, in sun gamsu su ba ta ɗinkin yunifom na yara ɗari huɗu. Shekara goma sha ɗaya tana ɗakin baya tana rage tsawon wando da sa zif, ba ta taɓa jin ƙanshin aiki irin wannan ba. Ga shi akwai wasu teloli biyu da ke nema tare da ita, dukansu masu shago a bakin titi, da gilashi da allo.

Mijin nata ya yi ritaya daga aikin sito wata bakwai da suka wuce, tun daga nan yake neman hanyar da zai amfani al'umma. A layin ana kiransa Bar-Mini, domin ba a taɓa ambaton matsala a gabansa ba, daga famfo mai ɗiga har ciwon baya, bai ce a bar masa ba. Waɗanda suka bar masa ɗin duk suna nan da ransu, sai dai ba su cika son maganar ba.

"Kujerun roba," in ji shi, yana kallon su kamar yau ya fara ganin su. "Uwargida, mace mai ilimi ce za ta shigo gidan nan. Kafin ta kalli ɗinkinki, falo za ta fara kalla."

"Shi ya sa na ce ka goge su."

"Yanzu manyan mutane sun daina sayen sabon kaya. Tsoho suke nema, mai tarihi. Da idona na gani a mujalla."

Gaskiya ne ya gani, a ɗakin jira na asibitin ido, bayan an ɗiga masa maganin nan da ke sa duniya ta yi hazo-hazo. Rubutun bai karantu ba, amma hotunan ya fahimce su sarai.

"Baban yara, tsumma da ƙwan fitila. Iyakar abin da nake so ke nan."

"Ke dai je ki yi ɗinkinki."

Washegari da safe ya ɗora kujerun robar a kan kura ya nufi kasuwar gwanjo. A can ƙuryar wata rumfa ya hango abin da ya san domin shi aka ajiye: kujeru huɗu na wani tsohon gidan silima da aka rushe, a jere kan ƙarfe ɗaya, jan yadinsu ya koma launin busasshen tumatir. Mai rumfar ya shekara shida yana tuntuɓe da su. Da Bar-Mini ya ce a yi musaya, mutumin ya amince da saurin da ya sa Bar-Mini ya ji tausayinsa. Rashin ido ba ƙaramar asara ba ce ga ɗan kasuwa.

Shigar da su falo ta cinye awa biyu da wani ɓangare na fentin ƙofa. Mai walda na bakin layi ya bar aikinsa ya zo taimako, domin ya daɗe da gane cewa kallon Bar-Mini daga kusa ya fi daɗi. Tsohuwar nas ɗin da ke zaune a saman bene ta sauko ta tsaya kan matakala da kofin shayinta.

"Maƙwabci, fim za a riƙa haskawa ne? A ajiye mini wuri ta gaba, idona ba ya kai wa nesa."

"Nas, wannan adon gida ne. Ba fanninki ba ne."

"Fannina yana zuwa. A ƙarshe kullum ni ake nema."

Da aka dire su a kan tayil, kujerun suka kwanta baya kamar masu jiran a wanke musu kai. Aka ja su gaba, suka koma. Mai walda ya tsuguna ya duba ƙafafun, ya auna da taƙi.

"Yallaɓai, na gaba sun fi na baya tsawo."

"Salon zamanin ne."

"A'a. Daɓen silima gangare ne, don na baya ya hango kan na gaba. Da gangaren aka ƙera su. Ka sayo kujerun, ka baro gangaren a can."

Bar-Mini ya ce ai ya lura da haka tun a kasuwa. Mai walda ya ba da shawarar a huda ƙasa a ɗaure su da noti yadda ake yi a silima, sai aka tuna mai gidan haya ya rubuta da manyan baƙaƙe cewa duk wanda ya huda masa tayil ya tattara kayansa. Bar-Mini ya shiga ɗaki ya fito da tsoffin littattafan 'ya'yansa, waɗanda suka girma suka watse. Ya cusa ƙamus ƙarƙashin ƙafar baya ta dama, littafin taswira da na lissafi ƙarƙashin ta hagu. Kujerun suka ɗan miƙe, kamar maras lafiyar da aka sa wa matashi.

Aka yi gwaji. Mai walda ya zauna a gefe guda, ɗaya gefen ya ɗaga ya yi masa sallama. Nas ta zauna a ɗaya gefen, ƙamus ya fara zamewa. Bayan gwaji na biyar Bar-Mini ya gano ƙa'idar: in mutum huɗu suka zauna a lokaci ɗaya, suka kuma tashi a lokaci ɗaya, babu kujerar da ta fi su natsuwa a duk unguwar.

Tela ta fito daga ɗakin baya da tef rataye a wuya. Ta dubi kujerun, ta dubi inda na robar suke a da.

"Ina kujeruna?"

"Sun yi gaba. Zo ki zama ta huɗu, mutum ɗaya muke jira."

"In baƙona yana son ya zaga fa?"

"Sai a raka shi gaba ɗaya. Ai karamci ne."

Ba ta da lokacin faɗa. Da safiyar Laraba za ta hau mota zuwa babban gari ta zaɓo yadin da za ta nuna, ta kwana biyu gidan ƙanwarta ta dawo ranar Juma'a. Kafin ta fita ta ce ya mayar da kujerun ya karɓo nata. Ya ce to. Ba ta ce kada ya taɓa tsohon kekenta na ƙafa da ke lulluɓe a baranda ba, wanda ta gada daga mahaifiyarta take ɗinka kaki mai kauri da shi, domin akwai abubuwan da mutum ba ya zaton sai ya faɗa.

Kujeru irin waɗannan suna bukatar tebur daidai da su. Ranar Alhamis mai rumfar gwanjo ya tarbe shi da fara'ar da ake yi wa ɗan'uwa, ya nuna masa ƙyauren wani tsohon ofis, na katako mai nauyi, da mariƙinsa na tagulla da kafar da ake zura wasiƙa. Ƙyauren ya iso gida a kan kura. Saura ƙafafu. Bar-Mini ya zaga gidan sau biyu yana nazari, a zagaye na uku ya ɗage mayafin keken.

Ƙafafun baƙin ƙarfe ne masu zanen ganye, da feda da ƙafar juyawa a gefe. Ya kwance kan keken da katakonsa, ya naɗe a tawul ya ajiye cikin kwabet da girmamawa. Daga nan ya aika a kira mai walda.

"Yallaɓai, matarka ta san da wannan?"

"Za ta sani ta yi murna."

"Ni dai ba na nan lokacin da aka yi."

Ƙarafunan da ƙyauren ke lilo a kansu suna nan maƙale a gefensa, da ramukan noti a shirye. Bar-Mini ya ce cire su cin mutuncin tarihi ne, aka ɗaure ƙyauren da su a gefe ɗaya na ƙafafun keken. Sakamakon haka teburin yana buɗuwa sama kamar murfin akwati in an taɓa shi ta ƙasa. Bar-Mini ya ce da gangan ne, don sauƙin shara.

Nas ta sauko duba aiki. Aka kira mai kura ya cike gurbi, aka ƙirga uku aka zauna. Ta ɗaga kai, ko kuma kujerar ta ɗaga mata.

"Maƙwabci, duk wanda ya zauna a nan silin yake kallo. Ga tabon ruwa can kamar taswira."

"Daga banɗakinki yake zubowa."

"To ka gode mini, shi kaɗai ne abin kallo a ɗakin."

Maganar ta tsaya masa a rai. In dai baƙi sama za su kalla, dole sama ta yi kyau. Ranar Juma'a da hantsi ya dawo da ƙafar tsohon keken hawa, babu taya, da kwalaben turare goma sha biyu, kore da shuɗi da ruwan zuma. Ya ɗaure kowace kwalba da waya a bakin ƙafar. Wurin ratayewa ɗaya ne a silin, kuma fanka ce a kai. Fankar ta sauko ta bi kan keken cikin kwabet.

Da rana ta take, falon ya zama tanda. Bar-Mini ya tsaya tsakiyar ɗaki, gumi na bin ƙeyarsa, yana duban ƙafar keken hawa a sama yana duban fedar keken ɗinki a ƙasa. Daga baya ya sha gaya wa mutane cewa irin wannan tunanin sau ɗaya yake zo wa mutum a rayuwa, mutanen kuma suna yi wa Allah godiya a kan haka.

Ya yayyanka kwalin tsohuwar kalanda ya maƙala tsakanin wayoyin ƙafar a matsayin fukafukai. Mai walda ya kawo ƙananan kurori biyu, irin waɗanda igiyar rijiya ke bi ta kai, aka kafa a bango. Igiya ta tashi daga ƙafar keken ɗinki, ta hau bango, ta karya kwana ta zagaye ƙafar da ke sama. Ya sa ƙafa ya taka feda a hankali. Ƙafar sama ta juya, kwalabe suka yi ƙara mai daɗi, wata iska da ba ta kai numfashin jariri ba ta taɓa masa goshi.

"Fanka ba lantarki," in ji shi da murya ƙasa-ƙasa. "Baƙo yana hira yana yi wa kowa fifita."

Nas ta leƙo ta taga. "Wa ya ga igiyar shanyata?"

"Tana aikin da ya fi shanya."

"Zannuwana suna ƙasa."

"Ita ma ƙasa ta ɗan ga ado."

Motar da Tela ta hau ta lalace a hanya, ta koma gidan ƙanwarta ta sake kwana. Sai ranar Asabar da ƙarfe goma na safe ta iso, da bandir ɗin yadi a ka, baƙi kuma sha ɗaya za su zo. Ta tsaya bakin falo. Idonta ya fara da kujerun, ya hau igiya, ya zagaya kwalaben, ya sauko kan ƙyauren, ya leƙa ƙarƙashinsa, a nan ya tsaya.

"Baban yara."

"Sannu da hanya, Uwargida. Kada ki ce komai tukuna, bari ya shige ki."

"Waɗannan ƙafafun na san su."

"Ai shi ne daɗin abin. Kayan gida, tarihin gida."

"Ina kansa?"

"Yana kwabet, yana hutawa. Shekara nawa yana aiki."

Ta sauke yadin a hankali, irin saukewar da ta fi jifa ban tsoro. Ta dubi agogo. Kwance wannan shirgi zai ci yini guda, ita kuwa minti hamsin gare ta, ba ta yi wanka ba, ba ta goge samfurin ba.

"Saurara. Za su zo, za su zauna, zan nuna musu riguna da wanduna, za su tafi. Kai ba za ka yi magana ba."

"Ko sannu?"

"Sannu ɗaya."

Bai ga amfanin gaya mata cewa ya riga ya sanar da layin za a buɗe falo ba. Tunda babu fanka dole tagogi su kasance a buɗe, falon kuwa yana kallon titi. Kafin sha ɗaya mai walda ya kawo benci. Mai wanki da guga ya zo da dutsen gugarsa a hannu, matar mai kanti ta rufe kanti ta taho da jikarta a baya. Nas ta sauko da ƙaramin akwatinta na bandeji ta ajiye a gefen ƙafa, ta ce ita ma don ado ta kawo.

Baƙin suka iso kan lokaci. Shugabar makarantar gajeruwar mace ce mai tabarau da sarƙa, wadda shirunta kaɗai yakan sa filin wasa ya natsu. Mataimakinta siriri ne, rungume da fayil. Na ukun wakilin iyaye ne, mai gidan burodi, mutum mai faɗi da fara'a wanda sai da ya ɗan karkace kafin ƙofar ta karɓe shi.

"Sannunku," in ji Bar-Mini. Sannun da aka ba shi ke nan, ya ƙare. Sai dai ya ga Shugaba na shirin zama ita kaɗai a gefe. "Malama, dakata. A gidan nan tare ake zama. Ku jeru. Mai burodi ka shiga tsakiya. In na ce uku."

Shugaba ta dube shi ta saman tabarau. Ta shekara ashirin tana sa mutane layi, yau aka sa ta. Suka jeru, Bar-Mini a ƙarshe, ya ƙirga, suka zauna. Ƙamus ya yi ɗan nishi ya riƙe. Daga taga wani ya tafa, aka harare shi.

"Kujerun silima ne?" in ji mai burodi, yana kallon silin. "Kai, ni da na sha kallo a irin waɗannan."

"Kin gani, Uwargida? Mai ido ya gane."

Tela ta kawo shayi da biskit ta jera a kan ƙyauren, tana kauce wa mariƙin. Mataimaki ya ajiye cokalinsa, cokalin ya bi ta kafar wasiƙa ya faɗa ƙasa. Ya ajiye bironsa don ya ɗauko cokalin, biron ya bi sahu.

"Kada ka sunkuya da yawa," in ji Bar-Mini. "Nauyinka na cikin lissafi."

Tela ta fara shimfiɗa samfurin. Rigar maza, siket, wandon kaki mai aljihu biyu. Muryarta a daidai take, kamar mai magana a falon da ba a rataye kwalabe a kansa ba. Ta nuna yadda ta ninka bakin aljihu, da inda ta bar rara a ƙafar wando don yaro in ya yi tsawo a sake masa. Shugaba ta ɗauki wandon tana juyawa, tana goge gumi da bayan hannu.

"Ba ku da fanka ne?"

Tela ta buɗe baki, amma mijinta ya kwana yana jiran wannan tambayar.

"Mai burodi, duba ƙarƙashin teburin. Ka ga feda? Taka."

Mai burodi ya taka. Igiya ta motsa, ƙafar sama ta juya, kwalabe suka fara kiɗa. Fuskarsa ta haskaka kamar ta yaron da aka ba sitiyari. 'Yan taga suka matso.

"A hankali ake yi," in ji Tela.

"Bar shi ya sake, Uwargida. An gwada."

An gwada, amma da ƙafar mai ritaya. Wannan ƙafar mutum ce da ya shekara talatin yana tsaye gaban tanda. Ya sa ta biyu. Kwalaben da ke rataye suka fara buɗewa waje kamar siket ɗin mai rawa. Iska ta zo da gaske, ta ɗaga takardun fayil ɗin mataimaki ta raba wa jama'a. Wani ɓangaren kalanda ya ɓalle ya fita ta taga, watan Yuni ya sauka a cinyar matar mai kanti.

"Ina jin ya isa," in ji Shugaba.

"Ba ya tsayuwa," in ji mai burodi, yana dariya yana haki. "Shi ke taka ni yanzu."

Kwalba ta farko, shuɗiya, ta bar aiki ta bugi bango. Ta biyu ta fita ta taga, mai wanki ya tare ta da dutsen guga, abin da har yau yake ba da labari. 'Yan taga suka duƙa suka ɗago suka sake duƙawa. Bar-Mini ya ga jama'a na neman su yi wa abin mummunar fahimta, ya ga ya kamata wani ya yi musu bayani. Ya miƙe tsaye.

"Jama'a, wannan gyaran waya ne kawai..."

Shi ya kafa ƙa'idar, shi ya fara karya ta. Gefensa ya yi sama. Littafin lissafi ya fice ta hagu, taswira ta bi shi, ƙamus ya riƙe na ɗan lokaci don mutunci sannan ya haƙura. Kujerun suka tafi baya gaba ɗaya, a natse, ɗauke da shugabannin makaranta. Ƙafafun mai burodi suka tashi suka daki ƙyauren ta ƙasa, ƙyauren kuwa ya yi abin da aka ƙera shi ya yi, ya buɗe. Buta da kofuna da biskit suka tashi zuwa ɗaya bangon. Igiya ta tsinke ta yi bulala a iska ta naɗe wuyan hannun Bar-Mini. Ƙafar keken hawa ta sauko da sauran kwalabenta ta zauna masa a kafaɗu, kansa ya fito ta inda wayoyi biyu suka ɓalle.

Feda kuwa ta ci gaba da kaɗawa ita kaɗai.

Mai burodi na kwance, ƙafafu a sama, yana dariyar da ba ta fita. Mataimaki ya naɗe cikin kujerarsa, wadda ta rufe a kansa yadda kujerar silima ke yi in ta ga dama. Shugaba ce kaɗai ba ta kai ƙasa ba. Wandon kakin yana hannunta lokacin da aka tafi, ɗaya ƙafarsa ta sarƙe a mariƙin tagulla na ƙyauren da ke tsaye yanzu. Tana rataye tsakanin sama da ƙasa, bayanta taƙi ɗaya daga tayil, duk nauyinta a kan ɗinkin tsakiyar wandon.

Tela ta tsaya da farantin da babu komai a kai. Shekara goma sha ɗaya, da yara ɗari huɗu, ga su nan suna lilo a jikin mariƙin ƙofa.

"Kada kowa ya taɓa ni tukuna," in ji Shugaba.

Ta gyara tabarau da kafaɗa. Ta ja wandon ta ɗago kanta kaɗan, ta sake shi ta koma, ta sake ja da ƙarfi kamar mai jan guga. Ta kawo ɗinkin dab da idonta.

"Layi nawa kika bi a nan?"

"Uku, Malama," in ji Tela. "Biyu ciki, ɗaya waje."

"Duka haka kike yi, ko na nunawa ne?"

"Duka. Na raini maza uku."

"Yanzu a ɗaga ni."

Nas ta riga ta shigo da akwatinta, ba tare da gaggawa ba. Ita da mai walda suka ɗaga Shugaba, suka zare mataimaki daga kujerarsa, aka taru mutum huɗu aka mirgino mai burodi. Ba wanda ya ji ciwo in ban da ƙullutu a ƙeyar mataimaki, wanda Nas ta manna wa filasta da gamsuwar mai cika alkawari.

Shugaba ta kakkaɓe biskit daga mayafinta. Wandon na hannunta har yanzu.

"Na je shaguna biyu a makon nan," in ji ta. "An ba ni kujera mai laushi da lemo mai sanyi. Na ja aljihu da yatsa biyu ya biyo ni. Yarana abin da suke yi wa tufafi kafin tara na safe ya fi abin da ɗakin nan ya yi. Ki zo ranar Litinin ki fara awo."

Tela ta ajiye farantin a ƙasa, tunda babu tebur.

"A makaranta za a yi awon," Shugaba ta ƙara. "A makaranta za a karɓi kaya. Ba yaron da zai shigo ɗakin nan."

"Na yarda, Malama."

Bar-Mini ya matso, ƙafar keken na wuyansa, kwalabe uku na kaɗawa a ƙirjinsa. Ya ga lokaci ya yi da za a san wanda ya shirya gwajin.

"Malama, kin ga amfanin tsarin ke nan. A shago wa zai rataye ki? In kina so, ofishinki ma zan iya leƙawa in ga abin da za a yi."

Ta dube shi daga kwalabe zuwa silifas.

"Malam, mene ne aikinka?"

"Na yi ritaya."

"Ka riƙe ta da kyau."

Suka fita, mai burodi na waiwayen fedar da kewa. 'Yan taga suka buɗa musu hanya sannan suka dawo wurarensu, domin sun san akwai saura. Tela ta shiga ciki ta fito da kan keken a rungume cikin tawul, ta ajiye shi a kan kujerar da ke kwance. Ta koma ta fito da sukundireba ta miƙa wa mijinta ta ƙarƙashin wayoyin.

"Kafin la'asar ina son in ji yana ɗinki."

"Uwargida, a fara cire mini wannan."

"Bayan la'asar."

Ya durƙusa gaban ƙafafun keken, kwalabe na bugun juna duk lokacin da ya murɗa noti. Can ya ɗago ya dubi taga.

"Kun dai ji da kunnenku," in ji shi. "Cewa ta yi ta je shaguna biyu ba ta ga irin wannan ba."

"Mun ji, Yallaɓai," in ji mai walda. "Hagu ake kwancewa. Ɗaurewa kake yi."